Kwat Mai Ƙanshin Sabulu

Ni dai ba ni da rumfa. Abin da na mallaka waya ce mai tsagaggen gilashi, da ƙusa guda a bangon ɗakina a unguwar Kanyama, daidai inda hasken safe yake faɗowa. A nan nake rataye riga in ɗauke ta hoto, in sa a zauren Fesbuk na masu salaula, wato kayan gwanjo, in zauna in jira. Wani ya ce nawa, in faɗa masa. Ya ce na yi tsada, in ce to Allah ya kawo wani. Ba na gardama. Tun ina ƙarami ban iya ta ba, shi ya sa ma ban daɗe a makaranta ba.

Kayan kuwa a wurin ƙanwar mahaifiyata nake samu, Anti Esnart, wadda take da rumfar gwanjo a kasuwar Soweto tun ban san hannun damata ba. Duk ranar da za ta fasa dila takan bar ni in tsaya kusa da ita in tsinci guda biyar ko shida kafin matan kasuwa su rufe kan kayan. Ita ba ta yarda da cinikin waya ba. Takan ce mutumin da ya biya kuɗi bai shinshina kaya ba, caca ya yi. Amma tana ba ni, don ni ɗan yayarta ne, kuma a cewarta fuskata ba ta kasuwa ba ce, gara in ɓoye ta a bayan waya.

Zauren nan shi ne kasuwata kaf. Wata mata ce take riƙe da shi, Madam Lungowe. Ban taɓa ganinta ba, amma kowa ya san dokarta. Tana haƙuri da tsada, tana haƙuri da jinkiri. Abu ɗaya ne ba ta ɗauka: a ce ka sayar da kayan gida, tufafin da wani ya sa a nan gari, da sunan kayan dila. In aka kawo ƙararka a kan haka, cire ka za ta yi, ta manna hotonka a sama kowa ya gani. Na ga an yi wa mutum biyu. Ɗayansu yanzu gasasshiyar masara yake sayarwa a bakin tasha.

To, wata Litinin aka fasa dila, hannuna ya faɗa kan wata kwat. Ruwan ƙasa ce, ta ulu, mai maɓalli uku, shafin cikinta santsi kamar ruwa. Ban taɓa riƙe irinta ba. Sai dai ta yamutse kamar daga bakin saniya aka ƙwato ta. Na rataye ta a ƙusata na ɗauka, hoton ya fito kamar tsumma. Na sake, haka. Sai zuciyata ta ce, kaya mai kyau haka bai kamata ya je hannun mutum a wulaƙance ba. Na sayo sabulu mai ƙanshi, na wanke ta a hankali kamar ina wankan jariri, na shanya a inuwa. Da ta sha iska na aro dutsen guga na gawayi a wurin maƙwabciya, na shimfiɗa ƙyalle a kai na bi ta lungu-lungu. Da na sake ɗaukar hoton, ni kaina sai da na gyara tsayuwa.

Ba ta yi awa guda a zaure ba wani ya yi magana. Sunansa Sikazwe, Ba Sikazwe muke cewa don girmamawa, tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, yana zaune a Chilenje. Saƙonsa da gaisuwa a farko, da waƙafi, da aya, da sunansa a ƙarshe kamar wasiƙa. Ya ce ranar Asabar shi zai jagoranci danginsa zuwa neman auren ɗan ƙaninsa, kuma ba ya son iyayen yarinya su ga kafaɗarsa a tsohuwar kwat ɗin da duk Chilenje ta haddace. Ya turo kuɗi ta waya. Da safiyar Talata na ba ɗan babur ya kai masa.

Ko shayi ban gama sha ba waya ta yi ƙara.

"Kai ne Masauso?"

"Ni ne, Ba Sikazwe. Ta iso lafiya?"

"Ta iso. Wane ne mai ita?"

"Ai ku ne yanzu."

"Kafin ni nake nufi. Kuma yaushe aka binne shi?"

Ban san ta inda zan kama maganar ba. Ya ce in zo in ɗauki kayana, in zo da kuɗinsa, in kuma zo da fuskata, yana son ya gan ta.

Na hau bas na tafi. Tun daga ƙofar gida na hango kwat ɗin a rataye a reshen gwaiba, can ƙarshen tsakar gida, kusa da kejin kaji. Ba a bar ta ta shiga ɗaki ba. Ba Sikazwe yana zaune a kujera, dogon mutum siriri, tabarau a kan hanci, littafin rubutu irin na 'yan makaranta a cinyarsa. Matarsa, Bana Mwaka, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe su. Ita ta amsa. Shi kuwa ya nuna min bishiyar da biro.

"Je ka shinshina."

Na je na shinshina.

"Me ka ji?"

"Sabulu, Ba Sikazwe."

"Madalla, hancinka yana aiki. Shekara arba'in ina sa salaula, yaro. Tun ubanka yana yawo ba wando. Kayan dila warin dila suke yi, warin maganin nan da yake sa mutum atishawa. Kuma a yamutse suke zuwa. Wannan kuwa dubi karin hannunta, ana iya yanka burodi da shi. Wannan daga cikin akwatin wani ta fito, a garin nan. An yi rasuwa, dangi sun raba kayan mamaci, wanda ta faɗo wa ya ji tsoron sa wa, ya kawo maka."

"Ni na wanke ta, Ba Sikazwe. Ni na goge."

"Don me?"

"Don ku ji daɗi."

Ya juya ya dubi matarsa. "Kin ji? Don in ji daɗi. Ina aka taɓa wanke salaula kafin a sayar? Mai wanke kaya wani abu yake son ya goge."

Na ce masa, cikin ladabi, ai kayan dila ma wasu ne suka sa su a can, kuma wa ya sani, wataƙila su ma sun mutu.

"Sun mutu mana," in ji shi. "Wa ya ce ba su mutu ba? Amma Baturen da ya mutu a ƙasarsu, ta ina zai biyo ni? Teku zai ƙetare? Ko ya ƙetaro, wa zai nuna masa hanyar Chilenje? Shi kuwa mamacin unguwar Matero bas ɗaya zai hau, ya sauka a ƙofar gidana, ko canji ba zai nema ba."

Bana Mwaka ta sunkuyar da kai cikin farantin gyaɗarta, kafaɗunta suna rawa.

Ni dai na ciro waya na mayar masa da kuɗinsa a take. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya sake dubawa, ya ɗan ɓata fuska. Ina jin ya shirya doguwar shari'a ne, na katse masa ita tun ba a zauna ba.

"Haka kawai? Ba musu?"

"Kuɗinku ne, Ba Sikazwe."

"Hm. Mai gaskiya yakan ɗan yi musu." Ya buɗe littafinsa ya juyo min da shi. Shafi guda cike da rubutu mai kyau, a sama an ja layi a ƙarƙashin sunan Madam Lungowe. "Kuɗi daban, haƙƙin jama'a daban. Dole in gargaɗi mutanen zaure. Na rubuta, saura in kwafe a waya. Amma sai na gama da Asabar, don yanzu ka bar ni ba kwat, sai na shiga nema."

Na roƙe shi. Ya ce shi ma ya sha ganin yara suna roƙo a ofishinsa, kuma roƙo bai taɓa sauya sakamakon jarrabawa ba. Na saukar da kwat ɗina daga gwaiba na naɗe. Bana Mwaka ta rako ni ƙofa ta cika min hannu da gyaɗa, ta ce a hankali, "Ka iya guga dai, ɗana."

Daga can kasuwa na wuce. Na tarar da Anti Esnart a inda take kullum, zaune a kan tarin ragowar diloli da ta lulluɓe da leda, nan ne kujerarta. Mace ce mai jiki, in ta zauna waje ya zaunu. Na faɗa mata komai. Ba ta katse ni ba har na kai wurin sabulu.

"Ka yi me?"

"Na wanke."

"Har da guga?"

"Har da guga."

Ta kira maƙwabciyarta ta rumfar takalma. "Amai Tembo, zo ki ga ɗan yayata. Ya samu kaya da shaidarsa a jiki, ya sa sabulu ya wanke shaidar." Suka yi ta dariya har Anti tana share ido da bakin zane. Sannan ta ce, "Sauso, garin gyaran gira ka tsokane ido. Yamutsewar nan da ka raina, ita ce takardar haihuwar kaya. Ba ka ga ni ko kakkaɓe su ba na yi?"

Na ce na gani, amma ban san dalili ba ne, na ɗauka ƙyuya ce.

"Ƙyuyar uwarka." Ta karɓi kwat ɗin ta ɗaga ta juya. "Kai, amma kaya ne. Tsohon nan yaushe yake bukatar kwat?"

"Asabar."

"Juma'a ina fasa dilar kwat-kwat. Ka rubuta masa ya zo ya ga an yanke ɗauri a gabansa, ya zaɓa da hannunsa. Ka ce don ka wanke laifinka ne." Tana faɗa tana cukuikuye kwat ɗin kamar mai matse wanki. Zuciyata ta yi zafi, don na sha wahalar karin hannun nan. Ta miƙe, ta ɗaga ledar, ta tono can ƙasa inda kayan gindin dila suke, waɗanda warinsu ya fi ƙarfi, ta cusa ta a tsakiya, ta mayar da komai, ta koma ta zauna. Har da ɗan girgiza jiki don ta daidaita.

"Anti, me za ki yi?"

"Zama zan yi. Ba shi nake yi kullum ba?"

Na fahimci inda ta dosa. Na ce, "Anti, wannan ba ƙarya ba ce?"

"Kwat ɗin daga ina ta fito?"

"Daga dila."

"Ran Juma'a daga ina za ta fito?"

"Daga dila, amma..."

"To nuna min ƙaryar in gani. In ya ga irinta ta fito a gaban idonsa, ya san irin kayan nan a dila suke zuwa, ya yaga takardarsa. Kai ka tsira, shi ya samu kwat, ni na samu ciniki. Je ka sayo min tuwon nshima da kifi, malmala biyu. Aikin nan yana son nauyi."

Haka aka yi. Laraba ta zauna, Alhamis ta zauna. Ko fitsari za ta, sai ta ce wa Amai Tembo ta riƙe mata wurin, ita ma ba ƙaramar mace ba ce. Ni kuwa na rubuta wa Ba Sikazwe. Ya amso da cewa zai zo, ba don ya yafe ba, sai don bai samu kwat ba, kuma duk wadda ya gani a gari kafaɗarta ta yi masa faɗi.

Juma'a da hantsi ya iso, da laima a hannu ɗaya, littafinsa a ɗaya hannun. Anti ta tarbe shi kamar ta shekara tana jiransa.

"Ba Hedi, sannu da zuwa. Ku ne yaron nan ya ɓata wa rai? Ku yi haƙuri, a wata na bakwai aka haife shi, bai gama nuna ba."

"Uwargida, ni ba ni da rikici da kowa. Ƙa'ida nake bi."

"Ai an gani a tafiyarku."

Masu baro suka turo dilar suka sauke. Mutane suka taru, masu sari da masu kallo. Ba Sikazwe ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa ɗaurin ƙarfen da bakin laima, ya duba ledar ko an taɓa farke ta. Ya gyaɗa kai. Aka sa almakashi aka datse ɗauri, dila ta yi numfashi ta kumbura, warin nan ya tashi. Ba Sikazwe ya yi atishawa sau uku, fuskarsa ta washe kamar wanda ya ji ƙanshin girkin uwarsa.

Daga nan hannuwa suka rufe kaya. Anti ta miƙe daga kujerarta tana faɗa, "Ku ja baya, ku bar dattijo ya fara, ba ku da iyaye ne?" Ta ratsa tsakiyar mutane tana baza zane, tana ture wannan tana ture wancan, ta sunkuya ta juya tarin daga ƙasa zuwa sama kamar mai tuƙa tuwo. Ni da na san abin da ake ciki, na zuba ido, amma Allah ya sani ban ga lokacin da ta sake ta ba.

Ba Sikazwe ya ɗaga wata baƙa ya ajiye. Ya ɗaga wata mai ratsi ya ajiye. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Ya jawo wani dunƙulallen abu ruwan ƙasa, ya warware. Kwana uku a ƙarƙashin Anti sun yi aikinsu. Ko ranar da na fara ganinta ba ta yi wannan yamutsewar ba. Ya kai ta hanci ya ja dogon numfashi, ya yi atishawa.

"Masauso, zo nan."

Na matsa.

"Dubi ikon Allah. 'Yar'uwar waccan. Maɓalli uku, komai iri ɗaya." Ya miƙa min laima da littafi, ya zura hannu ya sa. Ta zauna masa daram. Ya juya ga mutane, don da ya ga taro malantarsa ta motsa. "Ku duba nan, jama'a, ku ƙaru. Shekaranjiya waccan yaron nan ya kawo min irin wannan sak. Wanda bai sani ba zai ce ɗaya ne. Amma ina ɗora waccan a kafaɗa na ji nauyi, kamar wani ya dafa ni ta baya. Wannan kuwa, ku duba," ya ɗaga hannuwa sama ya sauke, "sakayau. Ba kowa a ciki sai ni. Ko idona a rufe zan bambance su."

"Ilimi ke nan," in ji Anti. "Mu da ba mu yi boko ba sai dai mu yi ta sa wa da mutanen ciki."

Ta faɗi kuɗinta, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ya ɗan yi ciniki don kada a ce bai yi ba, ya biya. Na ji wani sanyi ya sauko min. Na miƙa masa littafinsa ina jiran in ga ya yage shafin.

Bai yage ba. Ya gyara tabarau ya ce, "To, na yarda irin wannan kaya yana zuwa a dila. Wannan ya rage maka laifi. Amma waccan fa? Tana ina?"

"Tana... an ajiye ta, Ba Sikazwe."

"An ajiye ta don a jira in manta, a sayar wa wani bawan Allah a waya. A'a. Ka kawo ta nan yanzu, a ƙone ta a gabana. Ina ganin hayaƙinta, ni kuma in yaga wannan a gabanka. In babu ita, gobe da yamma Madam Lungowe za ta karanta."

"Ai na riga na ƙone ta," in ji Anti, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Tun Laraba."

"A ina?"

"Bayan kasuwa."

"Maɓallan ƙaho ne, ba sa cinyewa. A nuna min su."

Anti ta buɗe baki, na ga tana laluben wata a cikin kanta, kuma na san za ta samo, don ba ta taɓa rasawa ba. Amma ni na gaji. Dattijon nan yana tsaye a rana cikin ulu, gumi yana bin wuyansa, yana ƙoƙarin kare wani mutum da bai sani ba daga fatalwar da babu ita. Sai na ji ba zan iya ƙara masa wata a kai ba.

Na matsa kusa da shi yadda ba kowa zai ji ba, na ce, "Ba Sikazwe, tana jikinku."

"Me?"

"Ita ce. Guda ɗaya ce tun farko. Daga dilar Litinin ta fito, na wanke ta don rashin sani. Da kuka dawo da ita muka mayar da ita cikin kaya ta sake ɗaukar wari."

Na yi maganar a hankali, amma kasuwa kunne gare ta. Amai Tembo ta juya baya ta kama jera takalman da suke a jere. Wani mai baro ya tura fuskarsa cikin hula. Anti ta dube ni irin kallon da ake yi wa akuyar da ta shiga coci.

Ba Sikazwe ya ɗaga hannun riga ya shinshina. Ya shinshina ɗaya hannun. Ya buɗe gaban ya sa hanci can cikin aljihun ƙirji, ya daɗe a nan. Da ya ɗago ya ce, kamar da kansa yake magana, "Akwai ɗan sabulu daga nesa."

Ya dubi mutanen da ya gama yi wa darasi. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na ga kunnuwansa suna motsi. Tausayinsa ya kama ni fiye da tsoron Madam Lungowe, na ce, "Laifina ne, Ba Sikazwe. Kuma ko da akwai wani a cikinta, ai ta koma dila ta sake fitowa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kwana nawa ta yi?"

"Uku."

"A ina?"

Na nuna kujerar Anti. Ya dubi kujerar, ya dubi Anti daga sama har ƙasa, a natse, kamar mai auna fili.

"Ita ta zauna a kai?"

"Safe da yamma, Ba Hedi," in ji Anti. "In na tashi Amai Tembo ta karɓa."

"To ko akwai wani a ciki, ya fita," in ji shi. "Ba mamacin da zai jure wannan."

Nan kasuwa ta samu izini, dariya ta ɓarke ko'ina. Shi bai yi ba, amma gefen bakinsa ya ɗan karkace. Ya jira aka lafa, ya ɗaga yatsa.

"Ku saurara, ban gama ba. Shaidata guda ɗaya ce a shari'ar nan, hancina. Ran Talata ya ce kayan gida ne, yau ya ce kayan dila ne, kuma kaya ɗaya ne. Shaidan da ya tsaya wa ɓangare biyu, korarsa ake yi. Saboda haka babu ƙara." Ya juya ga Anti. "Amma ke, uwargida, kin sayar min da kayan da na riga na saya a kan kuɗin da ya fi na farko. A mayar min da abin da ya hau."

Anti ta koma ta zauna a kujerarta ta gyara zane. "Ba Hedi, waccan wankakkiya ce, mai arha. Wannan ta sha aikin kwana uku. Kuma mayar da kuɗi na 'yan waya ne. Nan Soweto ne, kun shinshina kun biya."

Ba Sikazwe ya karɓi laimarsa, ya maƙale littafin a hammata, ya tafi da kwat ɗin a jikinsa a yamutse, yana tafe yana atishawa. Shafin dai bai yage shi a gabana ba, kuma bai ce min komai a kansa ba.

"Ka ga abin da gaskiyarka ta jawo," in ji Anti. "Da ka bar ni, da na samo masa maɓalli uku a rumfar tela, an wuce wurin."

Asabar ta zo ta wuce ina ta duba waya. Lahadi bayan an taso daga coci na ga sunansa ya fito a zaure, da dogon rubutu, da hoto. Sai da na zauna a bakin gado kafin na buɗe.

Hoton nasa ne, yana tsaye a tsakiyar dangi, kwat ɗin ta sha guga har tana ƙyalli, da gani hannun Bana Mwaka ne. A ƙasa ya rubuta:

"Zuwa ga Madam Lungowe da jama'ar zaure, gaisuwa mai yawa. Ina so in yi bayani a kan wani mai sayarwa, Masauso na Kanyama. Na ɗaya, kayansa na dila ne, na bincika da kaina har kasuwa. Na biyu, in ka nemi kuɗinka yana mayarwa tun ba ka gama magana ba, abin da ba shi da daɗi ga mai son a tattauna. Na uku, yana da wata mummunar ɗabi'a ta wanke kaya, amma an yi masa faɗa. Wanda zai saya a wurinsa ya saya. Wanda zai saya a wurin innarsa ya yi tunani. An ba mu yarinyar. Ɗa'a, tara cikin goma. Sanin sana'a, huɗu. Zai iya ƙara ƙoƙari. Naku, L. Sikazwe, hedimasta mai ritaya."

Madam Lungowe ta sa masa alamar babban yatsa. Ban taɓa ganin ta sa wa kowa ba.

Na kai wa Anti na karanta mata, ina yi ina tsayawa, don karatuna sai a hankali. Ta saurara har ƙarshe tana cin rogo.

"Huɗu," ta ce. "Ya yi maka alheri. Ni biyu zan ba ka."